In biya kuɗin PyCharm da Copilot, ko in ci gaba da na kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na ɗan jima ina rubuta kod da yaren Python a manhajar VS Code, yanzu har na fara samun 'yan ƙananan ayyuka na biya. Abokaina sun dame ni wai in koma PyCharm na kuɗi (shi ma manhajar rubuta kod ce) kuma in riƙa biyan Copilot (AI ɗin da ke taya mutum rubuta kod), wai sai da su ake zama ƙwararre. Kuma kwamfutata ma nauyi take yi in na buɗe abubuwa da yawa. Don Allah kuɗin nan zai biya kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar wai sai da kayan kuɗi ake zama ƙwararre, ka ajiye ta gefe. VS Code ɗin nan da Microsoft ta fitar a 2015 kyauta ne, kuma da shi ɗimbin ƙwararru ke cin abincinsu har a manyan kamfanoni.

Ni dai abin da nake tambayar duk mai son biya shi ne, wane abu ne takamaimai yake cinye maka lokaci a aikinka? In ba za ka iya faɗar sunansa ba to ba ka kai lokacin biya ba tukuna. In kuwa aikinka na Django ne, wato tsarin gina shafukan yanar gizo da Python, kullum kana tsalle tsakanin kod da rumbun bayanai, kana buɗe wata manhaja daban don kawai ka leƙa tebur ɗaya ka ga ko bayanin ya shiga, to nan PyCharm na kuɗi yana da rana sosai, don duk waɗannan a wuri guda ya haɗa su, ya san tsarin Django, kana rubuta sunan wani fili na teburin bayanan yana ƙarasa maka. Lissafin ba wuya, ka duba nawa kake samu a awa ɗaya ta aiki, in manhajar ta rage maka awa biyu ko uku a wata ai ta riga ta biya kanta. JetBrains, kamfanin da ya yi PyCharm, suna ba da gwaji na kwana 30 kyauta, amma don Allah ka gwada shi a kan aikin gaske da aka ba ka, kar ka buɗe ka yi ta kallon kaloli kwana biyu ka rufe.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, tun 2015 JetBrains suka koma tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara, to amma in ka biya wata 12 a jere suna bar maka lasisin dindindin na sigar da take nan lokacin da ka fara biya, ko ka daina biya tana hannunka, sabuntawa ce kawai ba za ka samu ba. Kuma in kai ɗalibi ne kyauta suke bayarwa.

Copilot kuma, da aka buɗe shi ga kowa a 2022 dala 10 ne a wata, amma tun ƙarshen 2024 akwai na kyauta mai iyaka, fara da shi. Nan ne ma na fi jin tsoro a kanka gaskiya, saboda zai rubuto maka layi ashirin masu kyau a ido, kai kuma ka danna ka wuce, ranar da abin ya fashe a hannun mai aiki ba ka san ta inda za ka fara ba don ba kai ka rubuta ba. Duk abin da ya ba ka sai ka karanta ka gane kafin ka karɓa.

Sai batun kwamfutar taka, wanda a ganina shi ya kamata ya zo farko. PyCharm ya fi VS Code cin ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, nesa ba kusa ba, in injinka gig 8 gare shi kuma ga burauza a buɗe da shafuka barkatai, biyan lasisi ƙara maka ciwon kai kawai zai yi. In kuɗin abu ɗaya gare ka, ka duba ko kwamfutar na karɓar ƙarin ram ka kai ta gig 16, in kuma tsohon faifai mai juyawa ne a ciki ka sa SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri. Bayan nan sai ka yi gwajin kwana 30 ɗin ka ga yadda aikin zai tafi.