Tambaya da Amsa: Wa Ya Kafa Duwatsun Wassu?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne daga Kano, ina kai atamfa Banjul. A jikin takardar dalasi 50 ta Gambiya na ga hoton wasu jajayen duwatsu a tsattsaye sun yi da'ira. Wani direba ya ce min aljannu ne suka kafa su. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, hannun ɗan Adam ne, ba na aljani ba. Wurin sunansa Wassu, a arewacin Kogin Gambiya. Na taɓa tsayawa a can da hantsi, na shafa ɗaya daga cikin duwatsun, sai na ji kaushin da na saba ji tun ina yaro a garinmu: marmara ce, irin wadda ake haƙowa a kududdufi. Duk wanda ya taɓa aikinta ya san tana da sauƙin sara in tana cikin ƙasa, sai ta sha iska take ƙeƙashewa. Da kayan aikin ƙarfe suka sassaƙe ta a ramukan da ke kusa, suka ja ta, suka kafa. Wani dutsen ya kai tan 7, mafi tsawo a Wassu kuwa ya haura mita 2.5.

Kuma fa makabarta ce. Masu binciken tarihi da suka tona sun tarar da ƙasusuwan mutane, da tukwane, da kawunan māsu na ƙarfe, da mundaye. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga wani baƙo ya ɗare kan dutse ɗaya ana ɗaukarsa hoto. Mutanen yankin kuwa tsakuwa suke ɗorawa a bisa kan dutsen, su wuce abinsu.

Ba Wassu kaɗai ba ce. Irin waɗannan wurare sun haura 1,000, sun bi kogin tsawon kilomita 350 har cikin Senegal. A Sine Ngayène ta Senegal kaɗai akwai da'ira 52. An yi ta kafa su tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa ƙarni na 16, wato an shafe fiye da shekara 1,500 ana wannan aiki. A 2006 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurare huɗu cikin kayan tarihi na duniya: Wassu, Kerbatch, Sine Ngayène da Wanar.

In ka sake zuwa, Alhaji, ka ware yini guda ka isa Kerbatch, nan cikin Gambiya. Akwai wani dutse can mai rassa biyu kamar gwafa, daga marmara guda aka fitar da shi.