Farar wuta, kibiritu da halin albasa

Wani direban babbar mota daga Tawa ya aiko da tambaya. Ya ce shekarun baya ya sha ɗaukar wani gari mai launin rawaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Arlit, masu lodi suna kiransa da sunansa na Faransanci. Da ya nuna wa wani dattijo ɗan burbushinsa, sai dattijon ya ce ai farar wuta ce. Tambayarsa ita ce: yaya za a ce da abu rawaya fari? Kuma shin ita ce kibiritu da yake ji a bakin malamai?

Alhaji, dattijon nan ya faɗi daidai, kuma tambayarka ta yi mini daɗi, don suna ne da ya fara ɓacewa a bakin yaranmu. Farar wuta da kibiritu abu ɗaya ne. Na biyun aro ne daga Larabci, inda ake cewa kibrit, kuma har yau Larabawa da wannan kalma suke kiran ashana, domin a da kan tsinken ashana a cikin narkakkiyar farar wuta ake tsoma shi. Malaman zaure sun san kalmar ta wata hanya kuma: idan Balarabe zai nuna ƙarancin abu, sai ya ce ya fi jan kibiritu wuyar samu.

Batun launi, a ganina, amsarsa tana cikin yadda Bahaushe yake raba launuka tun asali. Manyan sunayensa uku ne: fari, baƙi da ja. Duk abin da ya yi haske ko ya koɗe, sai a tura shi gidan fari. Muna cewa farin wata ko da ya fito da ɗan rawaya-rawaya, muna cewa farar mace alhali fatarta ba kamar alli take ba. Haka muke da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, farar kanwa da jar kanwa. Rawaya kuwa sunan tsiron rini ne aka ara wa launin, kamar yadda ake cewa ruwan ɗorawa. Wanda ya fara ganin wannan dutse mai hasken launi, mai saurin kama wuta, bai yi kuskure ba da ya haɗa kalmomin biyu.

Ga halinta. Ba ta narkewa cikin ruwa, amma idan zafi ya kai kusan digiri 115 sai ta narke. In ta kama wuta, harshen shuɗi ne siriri, da rana da ƙyar ake ganinsa, hayaƙin kuma yana shaƙe maƙogwaro ya sa tari. Kada a ƙona ta cikin rufaffen ɗaki, musamman inda akwai yara ko mai ciwon asma. Ita kanta kusan ba ta da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake jingina mata na wata iska ce da take samuwa idan ta haɗu da haidirojin.

Kakanninmu sun san ta ne ta hanyoyi biyu. Maharba da masu bindigar toka suna sa ta a albarushi, inda take kusan kashi 10 cikin 100, gawayi 15, sauran kuma wani gishiri ne mai ciyar da wuta. Masu magani kuma suna kwaɓa ta da mai don ƙazwa, kuma har yanzu likitoci suna ba da man shafawa mai ɗauke da ita.

To me ake yi da lodin da ka kai Arlit? Ƙona ta ake yi a masana'anta, a sarrafa hayaƙin ya zama asid mai ƙarfi, irin wanda ake tsarma shi da ruwa ya zama ruwan batir. Da wannan asid ake jiƙa niƙaƙƙen dutse don a tatso yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1978 har aka rufe shi a 2021, kuma titin Tawa zuwa Agadas da Arlit saboda wannan sufuri aka shimfiɗa shi. A duniya ma mafi yawan farar wuta asid ake mayar da ita, kaso mafi girma kuma yana tafiya wajen narka dutsen fosfat a yi takin zamani, dutsen da mu ma muke da shi a ƙasar Tawa. Tayar motarka ma da ita aka ƙarfafa robarta, dabarar da Charles Goodyear ya gano a Amurka a 1839. Yawancin farar wutar da ake sayarwa yau daga matatun mai da gas ake cire ta.

Wata malamar makaranta daga Yamai kuma ta tambayi ma'anar "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Malama, ana faɗin wannan ga ɗan da bai ɗauko kyawawan halayen iyayensa ko na wanda ya rene shi ba. Ruwa sanyi gare shi, ba wari ba yaji, kuma manomin albasa na Galmi kullum cikin ban-ruwa yake, amma abin da ya tono sai ya sa mai yanka hawaye. Na haɗa tambayarki da ta Alhaji ne saboda yajin nan daga farar wutar da ke cikin ƙasa albasa take tsotso shi ta saiwarta, haka ma tafarnuwa. Da wuƙa ta ratsa ta, sai wata iska ta tashi ta shiga ido.

Ki lura da wurin faɗinsa. Karin maganar yabo ne ga iyaye, zargi ne ga ɗa, don haka manya ne suke faɗa wa na ƙasa da su. Idan za ki koya wa ɗalibanki, ki nuna musu cewa yaro ba ya jefa wa babba shi, kuma ba a faɗinsa a gaban iyayen wanda ake nufi, don yana sosa musu rai.