Allo ya yi baƙi bayan sabunta direban NVIDIA a Ubuntu

Tambaya: Malam barka da aiki, ina amfani da Ubuntu 22.04 a laftof mai katin NVIDIA GTX 1050, jiya na yi sudo apt upgrade na kashe na kunna sai allo ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan layi ne kawai ke ƙiftawa a kusurwa. Dan Allah sai na yi fomatin ne?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ka yi fomatin, fayilolinka na nan lafiya lau, wallahi ina jin takaici in ga mutum ya goge aikin shekara guda saboda matsalar da ba ta kai ta kawo ba. Yawanci abin da ke faruwa shi ne sabuntawar ta zo da sabon kenel, wato zuciyar Linux ɗin, shi kuma direban NVIDIA, wato manhajar da ke sa katin aiki, yana da wani ɓangare da dole ya dace da kowane kenel daidai wa daida, in ba a haɗa masa nasa ba to katin ba zai haska komai ba.

Ka danna Ctrl+Alt+F3, zai kai ka baƙin shafin rubutu, ka sa sunanka da fasuwod. In ya ƙi, sake kunnawa ka riƙe Shift ko ka dinga danna Esc har GRUB, wato menun zaɓin tashin kwamfuta, ya fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kenel, galibi da shi za ta tashi garau.

Da ka shiga, fara da sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt --fix-broken install, don sau da yawa caji ne ko data ta ƙare ana tsakiyar aiki aka bar kaya rabi da rabi. Sai ka buga nvidia-smi. In ya ce Driver/library version mismatch to tsohon direba da sabo ne suka cakuɗe, in kuma ya ce ya kasa magana da direba to ɓangaren kenel ɗin ne bai hau ba, a nan ka duba mokutil --sb-state, domin in Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhaja lokacin tashin kwamfuta, na kunne ba ya yarda da direban da ba a sa wa hannu na dijital ba.

Ni dai shawarata ka share direban NVIDIA ɗin da sudo apt purge '^nvidia-.*' ka bi shi da sudo ubuntu-drivers install, shi zai zaɓo wanda ya dace da katinka, kuma yana fifita wanda Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ta riga ta sa wa hannu. Intanet kam dole, in Wi-Fi ya ƙi ka jona wayarka da kebul.

Abu ɗaya da ba ka faɗa min ba, ka taɓa sauko da fayil ɗin .run daga shafin NVIDIA ka sa da hannu? In eh ne to fara cire shi da sudo nvidia-uninstall kafin komai, shi da na apt ba sa ga maciji, kowa taka fayilolin ɗan'uwansa yake yi.