In sayar da bas ɗina mai fetur in sayi mai gas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari ina bin kasuwannin mako: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Motata Hiace ce mai fetur, na cire kujerun baya, a nan nake loda kaya, a nan kuma nake shimfiɗa katifa in kwana idan na isa da dare. A mako ina cin kilomita kamar 600. Kuɗin mai ya ishe ni. Wani dillali ya kawo mini mai shan gas, wato dizal, 'yar Kwatano, ya ce in ba da tawa in cika naira miliyan 9. Cikon daga jarina zai fito. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba dillalin nan amsa sai ka yi wani ɗan aiki na mako biyu. Ka cika tanki fal, ka rubuta lambar kilomita da ke jikin allon mota. Duk ranar da ka sake shan mai ka cika fal ɗin dai, ka rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa ka yi. Yawancin masu ce mini mota tana shan mai sun san abin da suke miƙa wa yaron gidan mai, amma ka tambaye su lita nawa take ci a kilomita 100 sai su yi shiru. Ba tare da wannan lambar ba, duk abin da za mu faɗa hasashe ne.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba a abu ɗaya: injin gas ya fi tattalin mai. Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin ɗari, sannan injin yana matse iska sosai har ta yi zafin da man zai kama da kansa ba sai da fulogi ba. Idan aka haɗa biyun, a aiki iri ɗaya yakan rage shan mai da kashi 20 zuwa 30. Ga shi da ƙarfin ja tun yana ƙaramin gudu, shi ya sa tirela da tifa da Kanta duk gas suke sha.

To amma bari mu ɗora wannan a kan tafiyarka. Kilomita 600 a mako, in aka cire makonnin salla da na rashin lafiya, a ce mako 50, kilomita 30,000 ke nan a shekara. Mu ƙaddara taka tana cin lita 13 a kilomita 100 da lodi, waccan kuma lita 10. Kai kana ƙona lita 3,900 a shekara, ita za ta ƙona 3,000. Ragin lita 900. Da a ce kuɗin lita ɗaya ne, misali naira 1,000 kowanne, ka tsira da 900,000 a shekara, cikonka ya dawo bayan shekara goma. Idan kuwa gas ya ɗara fetur da naira 200 kacal, abin da zai rage maka 300,000 ne, sai shekara talatin. Ranar da gas ya fi fetur tsada da kashi 30, ragin ya ƙare gaba ɗaya. Waɗannan lambobin misali ne, ka zare su ka sa na littafinka da farashin gidan man da kake sha, hanyar lissafin dai ita ce.

Kuma tazarar farashin nan ba a hannunka take ba. An daɗe da sakin farashin gas ga kasuwa tun fetur yana da tallafi. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, gas ya tashi daga wajen naira 300 ya doshi 800 cikin 'yan watanni, fetur kuwa yana ƙasa da 200. Masu motocin gas sun ji jiki a shekarar. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, fetur ya ninka kusan sau uku nan take, kafin ƙarshen 2024 ya haura 1,000. A 2024 ɗin kuma matatar Ɗangote ta fara fitar da gas, daga baya fetur. Cikin shekara uku tazarar ta buɗe ta rufe. Wanda zai zuba miliyan 9 yana jiran shekara goma, jingina yake da abin da ke motsi.

Abin da ya fi damuna ma ba man ba ne, inda cikon zai fito ne. Miliyan 9 a hannun mai atamfa ba kuɗin ajiya ba ne, diloli ne da ke juyawa. Ka fi ni sanin ribarka, amma ko da kashi 3 cikin ɗari suke kawo maka a wata bayan an cire komai, naira 270,000 ke nan, sama da miliyan 3 a shekara. Za ka saki wannan don ka kama 900,000 a shekarar da ta yi kyau. Kuma ka tuna gabanin salla, lokacin da mai shago a Maigatari zai ce ƙaro mini turmi ɗari biyu, kai kuma kuɗin suna cikin ƙarfe a ƙofar gida. Zai juya wajen maƙwabcinka, ba lallai ya dawo ba.

Sai gyara. A nan dole in tambaye ka wane inji ne a cikin motar dillalin, domin gas ɗin Hiace ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohon 5L, ba shi da tobo, ba shi da sauri, amma yana da haƙuri, bakanike na gefen titi zai iya taɓa shi. Akwai kuma irin su 2KD masu tobo da ƙwaƙwalwa, waɗanda nozul ɗinsu ke fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin da suka kusa silin gashi ƙanƙanta. Irin waɗannan ba sa yafe gurɓataccen mai. Jarka ɗaya daga 'yan bumburutu mai ɗan ruwa ko gauraye da kalanzir tana iya cinye nozul huɗu da famfo. Kai kuwa mai kwana a kasuwar ƙauye ne, ba kullum za ka tarar da gidan mai mai gas mai kyau ba. Kafin ka yi magana da dillali, ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin nozul da famfo da tobo na wannan injin takamaimai, ka kwatanta da kuɗin fulogi da kwayil na taka. Na san wani da ya sha ruwan sanyi a wannan tambayar kaɗai ya fasa. Idan kuma daga Turai ta zo kuma ba tsohuwa ba ce sosai, a duba ko tana da matatar hayaƙi a salansa, domin ita ma tana toshewa, gyaranta ba arha.

Ni a ganina, da tafiyar kilomita 600 da kayan da ba su fi ƙarfin motarka ba, ka riƙe abarka. Ka ware ɗan kuɗi a yi mata juye a kan lokaci, a canja fulogi da matatar iska, a riƙa duba iskar taya duk mako, a sauke tarkacen da kake yawo da shi ba dalili. Injin fetur kuma shi ne ya fi sauƙin mayarwa mai amfani da iskar CNG, wato iskar gas da ake matsewa a cikin tukunya. Sai dai tukunyar tana cin wuri da nauyi, kuma ba ta da amfani idan babu inda za ka cika a hanyarka, don haka ka fara duba wannan.

Lissafin zai juya ne idan aikin ya canja: ka fara ɗauko kaya daga Legas ko Anaca da kanka, tafiyar ta ninka sau biyu ko uku da lodi mai nauyi, kuma cikon ya fito daga ribar da ka tara a gefe. In ranar ta zo, ka je ganin motar da asuba da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, don mai ɓoye aibi yakan ɗumama shi kafin ka iso. A tayar a gabanka ka tsaya a baya kana kallon salansa: shuɗin hayaƙi yana nuna tana cin baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa ko baƙi mai kauri kuma a binciki nozul. Tana aiki a tsaye, a kwance murfin baƙin mai a ɗora shi sako-sako a bakin. In ya hau rawa yana tsalle hayaƙi na bulbulowa, ringi sun gaji. A sa mata kwamfuta, a loda mata kaya kwatankwacin naka a hau titi da ita, sannan a tantance takardun kwastan da lambar jikin motar kafin ka saki ko sisi na kafin alƙalami.