Amsa ga 'yar uwar da aka dawo da ƙanwarta daga Libiya

Salamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce ƙanwarki ta dawo daga Libiya ba ta magana, ba ta barci, baffanninku kuma sun dage a aurar da ita don a rufe bakin mutane, kina tambaya ko ki goyi bayansu. Don girman Allah kada ki yarda. Ni ma ta wannan hanya na bi, na san abin da ke cin ta.

Ki daina tambayarta me ya faru. Na san don tausayi kike yi, amma duk tambaya ɗaya sai ta mayar da ita can. Ki ajiye mata abinci, ki kwana ɗaki ɗaya da ita, in ta farka da ihu ki kunna fitila ki kira sunanta. Ranar da ta buɗe baki, ko me ta faɗa, ki ce kin yarda.

Wadda ta kai ni ba baƙuwa ba ce. Ƙawar mahaifiyata ce, adashi ɗaya suke yi, ta ci tuwo a gidanmu ba adadi. Ta ce aikatau ne, shara da wanke-wanke, kuɗin mota kuma in biya a hankali. Har Alƙur'ani ta sa na dafa cewa ba zan gudu da bashinta ba. Muka wuce Damagaram, muka kwana Agadas, aka loda mu a bayan Hilux, kowa ya rungume sandar da aka kafa don kada ya faɗo. Sai a Sabha na gane sayar da ni aka yi. Suka kira Inna a waya, suna dukana tana saurare, suna faɗin kuɗin da za ta turo. Ina jin muryarta tana cewa ku bari, ku bari, zan nemo. Ta sayar da awakinta da keken ɗinkinta. Kuma a ranar, matar nan ta zo gidanmu jaje! Ta zauna a tabarmar Inna tana share hawaye, ita ce ma ta nuna mata wanda za a ba kuɗin ya tura. Har yau in na hango ta a gidan biki, da gwala-gwalai a hannu ana ce mata Hajiya, jikina rawa yake yi. Bayan na dawo ba ta ji kunya ba, ta aiko a tuna mini ragowar bashi. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa nake ce miki, in wani ya zo da zancen bashi, kada ku ba da ko sisi. Safarar mutane laifi ne a dokar ƙasa, an kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, tun 2003, aka sake ƙarfafa dokar a 2015, kuma suna da ofis a Kano. Ki adana lambobin da aka kira ku da su da rasit ɗin duk kuɗin da kuka tura. Sai dai kai ƙara shawararta ce, kada a ja ta da ƙarfi. Ki canza mata layin waya tun yau.

Asibiti kuma ba ya jira. A yi mata gwajin ciki, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta. In kuna Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, aikinsu ke nan, kula da waɗanda aka ci zarafinsu. Ki raka ta ke kaɗai, ban da gayyar dangi. Rashin barcin nan da firgita ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, a Dawanau ko Barnawa ta Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A yi mata addu'a da tofi, na amfana da su, amma a haɗa da likita.

Abin da ke ƙona mini rai, tun da Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a ƙarshen 2023, sai na ga dillalan nan sun sake sakin jiki a unguwarmu. Zawarawa da marayu suka fi bi. Iyaye mata, ku bincika kafin ku saki 'ya'yanku, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da mai kawo tayin.

Maganar aure, ki samu wanda baffanninku ke jin nauyinsa, ko limami ko kakarku, ya roƙa a ba ta lokaci. Yarinyar da ke zabura in namiji ya ɗaga murya, yaya za a kai ta ɗakin miji? Mijin ma an cuce shi. In IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan ƙaura, ce ta dawo da ita, ki duba takardun da suka ba ta ki bibiyi tallafin sana'a. Ni turaren wuta na fara haɗawa, kuma ranar da na riƙe kuɗin gumina na fara kallon mutane ido da ido.

In tana so ta yi magana da wadda ta san hanyar, ki turo mini saƙo ta gefe. In ba ta so, kada ki matsa mata. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri.