Da gaske waya na iya nuna ɓarawo a bayan katanga?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Daga yankin Doguwa nake, kusa da dajin Falgore. Ƙanena yana cikin ƴan sintirin garinmu, wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya karɓi dubu biyar ɗinsa ya sa masa wata manhaja wai ta sojojin Amurka ce, in ka ɗaga kyamara da dare sai ta nuna maka mutum da jan ɗigo ko yana bayan katanga. Tun ranar shi ke shigewa gaba in sun fita, Inna ko barci ba ta yi. Don Allah abin nan gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka karɓe wayar nan yau ɗin nan, kar ka bari ya sake kwana da ita a jeji.

Fasahar kam akwai ta, ta ɗora bayani a kan abin da ido ko kyamara ke gani. Sojojin Amurka kuma suna da wata manhajar taswira mai suna ATAK a wayar Android, amma abin da take nuna maka shi ne inda mutanenka suke, saboda kowa na'urarsa na aiko da wurinsa ta rediyo. Abokin gaba ba ya fitowa sai in wani ya hango shi, ko jirgi maras matuƙi ya gano shi, an sa alama a taswira. Ba duba take yi ba.

Wannan maganar gani ta bango wallahi na gaji da ita, kullum sai an kawo min. Me ke cikin wayarka? Kyamara, GPS da kamfas. GPS ɗin ko a fili fetal yana kuskure da kamar mita biyar, kamfas kuwa ka tsaya gefen babur ko ƙarƙashin rufin kwano ka ga yadda yake juyawa. Kyamarar zafin jiki ta ainihi, mai tsadar nan, ko ta gilashin taga ba ta gani balle katangar ƙasa, to ina ga Tecno mai fashasshen sikirin? Ɗigon nan zane ne kawai, ka sa shi ya haska cikin randa a gabanka, ina mai tabbatar maka zai ga ɓarayi uku a ciki. A 2021 sojan Amurka ya ƙulla kwangilar kusan dala biliyan 22 da Microsoft kan tabaran IVAS masu ɗora wa soja bayani a kan abin da yake gani, da aka gwada sojoji suka yi ta kukan ciwon kai da tashin zuciya, shi ne wani a rumfar caji zai ba ka a dubu biyar? Haba.

Kuma hasken sikirin a duhu fuskarka yake haskawa, na nesa ya gan ka tsaf kai kuwa idonka ya dushe. A farkon 2023 da aka kashe sojojin Rasha da dama a garin Makiivka na gabashin Ukraine, ma'aikatar tsaronsu da kanta wayoyin da suka kunna ta ɗora wa laifi.

Wajen horo ne fasahar ta gaskiya ke da amfani, a koyi taswira da tsarin tafiya a inda in ka yi kuskure sai dai a sake. Ka samu shugaban sintirin nasu ka gaya masa, don na san ba ƙanenka kaɗai mutumin nan ya sa wa ba.