Zane-zanen da mahaifina ya bari: ta yaya zan san kuɗinsu, kuma a ina zan sayar?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Mahaifinmu ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya rasu ya bar zane-zane guda tara na ratayewa a bango. Ɗaya na ɗauke da sunan Gani Odutokun, biyu kuma Bruce Onobrakpeya. Wata biyar da suka wuce ɗan baffana da ke Legas ya tafi da huɗu don ya nuna wa masana. Yanzu ya ce wani ya taya su duka naira dubu ɗari shida. Ni kuma na ji an taɓa sayar da zanen wani ɗan Najeriya sama da fam miliyan ɗaya a Landan. In sallama ko in jira?

Amsa: Alhaji, Allah Ya jiƙan mahaifi. Kada ka sallama, ka ce albarka. Amma tayin bai dame ni ba kamar yadda kayan suka fita daga hannunka. Zane huɗu sun bar gida wata biyar, kuma a duk bayaninka ban ga inda ka ce an rubuta komai ba, ko an ɗauki hoto, ko an auna. Kai da ba za ka bari tirelar riɗi ta fita daga Dawanau ba sai an ƙirga buhu an sa hannu, yaya aka yi ka saki wannan da fatar baki? Ba na zargin ɗan baffanka da komai. Amma yau in aka dawo maka da zane huɗu, da me za ka tabbatar su ne waɗanda suka tafi? Ana kwaikwayon aikin manyan masu zane, kuma musanya na gaske da jabu ba ya ɗaukar mako guda. Ƙari a kan haka, kayan nan gado ne. In ba a raba ba, akwai haƙƙin sauran magada, kuma babu gidan gwanjon kirki da zai karɓi kaya sai mai kawowa ya sa hannu cewa yana da ikon sayarwa.

Don haka aikin farko shi ne kayan su dawo, ko kai ka bi su. In za su zauna a can, a yi takarda mai ɗauke da hoton kowanne, tsawonsa da faɗinsa, ranar da aka karɓa, da sharaɗin cewa ba za a sayar ba sai da amincewarka a rubuce. Sannan ka tambaye shi abu ɗaya: wanda ya yi wa kayan kuɗi, shi ne mai son saye? In shi ne, to tayi ya yi maka, kuma mai saye ba ya faɗa maka ƙarshen abin da zai iya biya. Haɗa su huɗu a kuɗi ɗaya ma dabara ce sananniya: guda ɗaya yake so, sauran rakiya ne.

Batun Landan kuwa, gaskiya ne. Zanen Tutu na Ben Enwonwu ne, wanda aka gano a wani gida a arewacin Landan, gidan gwanjon Bonhams ya sayar da shi a Fabrairun 2018 kan kusan fam miliyan 1.2. Sai dai wannan zane ya yi suna shekaru da dama kafin a gano shi, ana ta nemansa. Cire shi daga lissafinka. Wannan labari ya sa mutane da yawa sun ƙi tayi mai kyau suna jiran miliyoyin da ba za su zo ba, gara da danshi na cin kayan a ɗaki.

Sunayen da ka ambata na gaske ne kuma suna da kasuwa. Onobrakpeya na cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Odutokun ya koyar a sashen zane na jami'ar har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995. Kasancewar mahaifinku ya yi aiki a wurin yana ƙarfafa labarin, amma labari ba ya sayar da zane, takarda ce ke sayar da shi. Ka buɗe akwatunan marigayi ka nemo rasit, wasiƙa, katin gayyatar baje koli, takardar kama aikinsa a jami'a. Tsohon hoton suna ko na biki da aka ɗauka a falo, zanen na rataye a bayan mutane, hujja ce babba, domin yana nuna zanen na gidanku tun kafin a fara damuwa da yin jabunsa.

Na Onobrakpeya, duba gefen ƙasa. In ka ga an rubuta lamba da fensir irin 14/60, to bugu ne, wato na goma sha huɗu cikin sittin da ya buga daga faranti ɗaya. Aikinsa ne na ainihi, yana da daraja, amma kuɗinsa ba ya kai na zanen da guda ɗaya tak ne a duniya.

Biyar ɗin da suka rage, kada kowa ya taɓa su da sunan gyara. Abin da ya fi lalata kuɗin irin wannan kaya shi ne kyakkyawar niyya. Sau da yawa iyali kan ga firam ya tsufa su kai wa mai gilashi ya sauya, shi kuma ya yage katakon baya ya jefar, alhali a nan tambarin gidan baje kolin da ya fara sayar da zanen yake, da shekara, wani lokaci har da rubutun mai zanen. Wasu su goge da tsumma da ruwan sabulu fenti ya dushe, wasu su shafa masa man ƙyalli. Wasu daga cikin irin wannan ɓarnar ba sa gyaruwa. A jingine su a tsaye, nesa da ƙasa, nesa da rana da bangon da ke jiƙa da damina.

Ka ɗauki hoton kowanne da hasken rana a inuwa, ba da fitilar waya ba: gaba, baya, sa hannun a kusa, da duk inda ya tsage ko ya yi tabo. Auna da santimita ba tare da firam ba. Ka aika wa aƙalla wurare uku da ba su san juna a kan maganar ba: Arthouse Contemporary a Legas, wanda ke gwanjo tun 2008, da Bonhams ko Sotheby's a Landan, dukansu suna da sashen zanen Afirka kuma suna ba da ƙiyasin farko kyauta daga hoto. Ka kuma leƙa sashen zane a Zariya, akwai waɗanda suka san hannun Odutokun. In wani ya ba ka takardar ƙima, tambaye shi ta inshora ce ko ta sayarwa, don ta inshora yawanci ta fi yawa, kuma ba ita za ta shiga aljihunka ba.

Wajen sayarwa, dillali mai biya nan take shi ne mafi sauri, amma kuɗin da yake biya shi ne mafi ƙaranci. Gidan baje koli zai ajiye ya nemo mai saye, amma kasonsa kan kai kashi talatin zuwa hamsin, kuma ana iya shekara ana jira. Gwanjo ya fi dacewa da zanen da sunansa ya tabbata. A ce an buga guduma, wato an sallama zanen, a naira miliyan goma: cire la'adar gidan, wajen kashi goma zuwa sha biyar, cire inshora, hoto da dako, abin da zai zo hannunku bai fi miliyan takwas da wani abu ba, shi ma sai bayan wata guda ko fiye. A rubuta mafi ƙarancin kuɗin da za ku sallama, amma kada ku zuga shi. Zanen da ya shiga gwanjo ya fito ba a saya ba, sakamakon na nan a intanet kowa na gani, kuma tayin da zai biyo baya ƙasa yake yi. In Landan za a kai, sai an sami takardar izinin fitarwa daga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ga kuɗin akwati da jirgi, wanda kan cinye ribar ƙaramin zane gaba ɗaya.

Kada ku zuba duka tara a kasuwa lokaci guda. Ku fara da ɗaya daga cikin na Onobrakpeya, ku ga yadda gidan ke mu'amala da yadda yake biya, a raba kuɗin ga magada a rubuce. Na Odutokun ya jira sai takardunsa sun kammala.